Hedimastan da Ya Sauke Kansa

Duk wanda ya karanta tarihin dauloli da natsuwa zai gane cewa babu abin da ya wahalar da 'yan Adam kamar wurin zama. Wa zai hau kujera, wa zai samu darduma, wa za a tura can bakin tabarma inda inuwa ta ƙare. A kan wannan sarakuna suka yi yaƙi, malamai suka ɓata da juna, garuruwa suka tashi. Na sake tabbatar da haka a ƙofar gidan Inna da ke unguwar Umarari, a zaman makokin ƙanenta, wato Kawu, ranar da kujerun robar da muka aro suka kasa isar jama'a.

Jama'ar iri biyu ce. Kashi na farko sun zo da motoci daga wajen GRA, da manyan riguna da hulunan zanna masu sheƙin sitaci, suna cewa, "Allah ya jiƙan Hedimasta." Kashi na biyu da ƙafa suka zo: mata da lafaya wadda ta sha rana, da masu shayi, da masu gasa nama, suna cewa, "Allah ya jiƙan Baba Mai Gawayi." Kowane ɓangare yana yi wa ɗayan kallon tausayi, irin wanda ake yi wa mutumin da ya ɓata gida. Wani tsohon ɗalibin marigayin, wanda yanzu ake buɗe wa ƙofar mota, ya ja ni gefe.

"Ɗana, rasuwa biyu aka yi a layin nan?"

A cikin gida kuma wata tsohuwa ta rage murya tana tambayar Inna, "Yaya, ashe Baba yana da dangi a gwamnati? Shi ne bai taɓa faɗa ba, muna ta fama da rashin ruwa?"

Mutum ɗaya ne bai shiga kowane ɓangare ba. Ƙato ne, da tabo a saman girarsa ta hagu, ya zauna a ƙarshen tabarma cikin rana. Ina ganinsa na ja da baya zuwa bakin zaure. Hajja, matar Kawu, ta leƙo ta zaure za ta aike ni, idonta ya faɗa kansa, ta koma da baya ba tare da ta faɗi aiken ba. Don ku gane abin da ya sa mu biyun muka yi haka, sai na ba ku labarin Kawu.

Malamin Turanci ne kafin ya zama shugaban makaranta, kuma ko da ya zama shugaban bai yarda ya saki alli ba. Akwai darasi ɗaya da babu wanda ya wuce ta hannunsa bai ɗauke shi ba. Yakan zana tsani a allo, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Bature ya ƙera tsani, sannan ya samu wuri ya zauna ya raɗa wa kowace irin saukowa suna." Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar ƙwallon da ta kwana a ƙasan tebur, relegate ake yi mata. Naira kuma devalue, kuma ya ce wannan ba sai ya yi bayani ba, kowa ya tambayi mahaifiyarsa. Makaranta ko asibitin da aka rage wa matsayi, downgrade. Gonar da ta gaji da mutuncin da aka tattake, kalma ɗaya suka haɗa, degrade, abin da ya ce ya kamata ya sa mutum tunani. Ta ƙarshe ita ce ta ma'aikaci, demote. Ita wannan yakan rubuta ta ne da sauri ya goge, kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi.

A gida ma da kalmomin nan yake rayuwa. In madara ta yi ƙaranci a shayi, an yi wa shayin downgrade. In Hajja ta matsar da kujerarsa daga gindin darbejiya don ta shanya kuɓewa, an yi masa relegate. Amma ta ma'aikacin ba ya furta ta a wajen aji. "Waccan kalmar" yake ce mata. In motar ofishin ilimi ta shigo harabar makaranta, ko da ɓatan hanya direban ya yi, Kawu ba ya iya cin abincin rana. Mutum ne da bai taɓa yin laifin da za a kama shi da shi ba, kuma ya yi aikinsa gaba ɗaya yana jiran a kama shi.

Wataƙila shi ya sa yake da tasa hanyar mayar da yaro aji. Sauran shugabanni a filin taro suke shelanta waɗanda za su maimaita shekara, a gaban kowa. Kawu ba ya haka. Yakan je ajin da kansa, ya kama hannun yaron, ya raka shi har ajin baya, ya ce wa 'yan ajin, "Ga baƙo na kawo muku. Ku girmama shi, ya riga ku sanin hanya." Yana ganin wannan tausayi ne. Ban taɓa samun ƙarfin halin gaya masa cewa tafiya hannu da hannu da Hedimasta a tsakiyar makaranta, kowa yana leƙe ta taga, ta fi shela zafi ba.

Akwai wani ƙaton yaro mai tabo a gira da ya yi wa wannan rakiyar har sau biyu. A ta biyun, suna isa bakin ajin, yaron ya fizge hannunsa, ya tsaya ya kalli Kawu, ya juya ya fita ta babbar ƙofa. Bai sake dawowa ba. Kawu ya daɗe yana maimaita mana cewa, "Yaron nan ya yi mini wani kallo. Ina ji a jikina zan sake ganin kallon nan."

Sai shekarun tsoro suka zo. Wanda ya zauna a garin nan a lokacin ba ya buƙatar bayani, wanda bai zauna ba kuma bayani ba zai ishe shi ba. Muka koyi wuce shingen bincike hannuwa a sama. Muka koyi gane nisan ƙara daga yadda kwanuka ke motsi a kan kanta. Muka daina ambaton sunan waɗancan mutanen, ko a ɗaki, sai dai a ce "yaran", a kalli ƙofa. Abin da ya fi damun irinmu malamai shi ne, masu koyar da boko suke nema, kuma ba sa buƙatar a nuna musu mu, domin a gabanmu suka zauna suna yara.

Abokin Kawu, malamin lissafi, yana tsugune a ƙofar gidansa da safe yana asuwaki aka harbe shi. Aka rufe makarantu. A cikin makon nan wani ya gaya wa wani cewa an ga yaron nan mai tabo a cikinsu. Wa ya gan shi? A wancan zamani ba a tambayar wa ya gani.

Kawu ya bar gidan gwamnati da yake ciki, ya kwaso Hajja suka dawo gidan Inna. Washegari ya tara mu a tsakar gida, ya tsaya kamar zai buɗe taron iyayen yara.

"Daga yau babu Hedimasta a gidan nan. Babu Malam. Duk wanda ya tambaya, ni ƙanen mai gidan nan ne, daga ƙauye na gudo, ban yi boko ba."

Inna ta ce, "To me za mu ce kana yi?"

"Gawayi zan sayar. Ba a kallon fuskar mai gawayi."

Sannan, a gabanmu, ya furta waccan kalmar da bakinsa, a hankali, harafi bayan harafi. Ya ce shekara da shekaru yana tsoron a yi masa, ashe da hannunsa zai yi wa kansa. Ya cire hularsa ya miƙa wa Inna. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba sai ranar.

Rigimarsa da Hajja a kan guga ce. Ya samo tsofaffin kaya a gwanjo, riga mai faci da wandon da ya gaza idon sawu. Ya tashi da safe ya tarar an wanke su, an sa sitaci, an goge, wandon da kari mai kaifi.

"Hajja, so kike a kashe ni?"

"Kai ka sauka, ni ban sauka ba. Mijina ba zai fita da yamutsattsen wando ba, ko juji zai kwashe."

"Mai gawayin wane gari kika gani da kari a wando?"

"Shi ya sa matansu ba sa fita biki."

Ya roƙe ta, ya yi fushi, ya ƙaurace wa tuwonta. Ba ta daina ba. Da nasa gawayin take cika dutsen gugar, kuma sai ta zaɓi manyan. Daga baya ya koma murza wandon a ƙasa kafin ya fita, amma karin Hajja ba ya jin ƙasa.

Ko ba wandon, ban ga yadda za a yi ya ɓuya ba. Kawu ya sayar da gawayi kamar yadda ya gudanar da makaranta, domin wata hanyar bai sani ba. Masu saye sai sun yi layi, gajere a gaba. Wanda ya yi tsallake a mayar da shi baya. Wanda ya miƙo hannun hagu a sa shi ya sake. Ya yi ƙoƙarin kwaikwayon maganar kasuwa, yana "wushe, wushe" irin gaisuwar 'yan gari, yana jan murya, amma da ya gama aunawa sai ka ji, "Na gaba!" da muryar da ke tsayar da filin taro. Ni ma malami ne da aka rufe wa makaranta, don haka a gefensa nake wuni ina ɗaura leda, ina waige-waige duk lokacin da ya ce na gaba.

Yana kuma jarraba gawayin. Yakan ɗaga dunƙule, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, in bai gamsu ba ya ce, "Wannan ya faɗi," ya jefa shi wani tuli a gefe. Tulin na matan da suka gudo daga ƙauyuka ne, waɗanda suka cika kangwayen unguwar, kyauta suke ɗiba. Na lura ranar da matan suka yi yawa, gawayi mai kyau ma faɗuwa yake yi.

Akwai wata malamar kimiyya da ta yi aiki a ƙarƙashinsa, 'yar kudancin Borno, mai zuwa coci, wadda mijinta ya fita wata safiya bai dawo ba. Takan zo a naɗe cikin lafayar aro da ba ta iya ɗaurawa ba. Ba su taɓa nuna sun san juna ba. Ya cika mata leda har ta ƙi ɗauruwa, in ta miƙo kuɗi ya ɗaga murya don layi ya ji: "Ai kin biya jiya, Hajja. Na gaba!" Ta zo ta'aziyya. Ta ce a duniya mutum ɗaya ne ya taɓa ce mata Hajja.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Ina sunkuye ina ɗauri sai na ji layin ya yi shiru. Na ɗago. Mutum biyu ne suke tahowa daga bakin titi, baƙi, ba 'yan unguwa ba. Na gaban ƙato ne mai tabo a gira. Na bayan siriri ne, hannunsa na dama yana cikin riga, a wajen ciki, bai fito da shi ba. A lokacin kowa ya san ma'anar hannu a cikin riga. Matan layin suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, wata ta bar ledarta a ƙasa. Mai shayin da ke tsallake ya shige bayan teburinsa. Ni da Kawu kaɗai muka rage.

Kawu ya gane shi. Na san ya gane shi domin ya sunkuyar da kai, abin da bai taɓa yi wa ɗalibi ba.

Mai tabon ya yi sallama. Kawu ya amsa da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba.

"Baba, a cika mana wannan buhun."

Kawu ya ɗauki kwanon awo. Ya fara auna gawayin. Rabi yana shiga buhun, rabi yana zuba a ƙafarsa. Siririn ya matso, ya ƙura wa wandon ido, ya ce da ƙarfi, yadda duk wanda ke bayan ƙofa zai ji:

"Kai, wannan tsohon ba ɗan boko ba ne kuwa? Dubi wandonsa."

Na ji ƙarar ƙuda. Na ji wata mata tana salati a cikin wani gida. Mai tabon ya kalli Kawu, ya daɗe yana kallonsa, ya waiga hagu da dama, sannan ya yi tsaki.

"Wannan? Wannan bai san komai ba. Ko sunansa ba zai iya rubutawa ba. Mai gawayi ne kawai. Mu tafi."

Ya karɓi buhun da hannu biyu, suka juya.

Kawu ya zauna a ƙasa, a cikin baƙin garin gawayi, da wandon Hajja. Na kawo masa ruwa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Bai san komai ba. Ni." Don in ga ko hankalinsa ya dawo, na tambaye shi wacce daga cikin kalmomin nan ce ta dace da abin da aka yi masa. Ya ce, "Duka."

Amma fassarar da ya yi wa ranar ita ce ta cinye sauran rayuwarsa. Ya ce yaron ya zo ne ya kashe shi, ya tarar an riga an rama masa. "Na raka shi ajin baya, ya zo ya same ni a ajin baya. Shi ya sa ya bar ni. Ya san inda nake. Ranar da na hau, zai dawo."

Gari ya lafa a hankali. Aka buɗe makarantu, ni ma na koma aji. Kawu bai koma ba. Ofis suka aiko a kira shi, ya sa Inna ta ce ba ya nan, alhali ɗan aiken yana tsaye a gabansa yana kallon wani tsoho mai gawayi. Tsofaffin ɗalibai suka gano inda yake, suka zo da maganar su shirya masa taron girmamawa, ya shige banɗaki ya ƙi fitowa har suka gaji. Hulunansa suka tsufa a akwatin Inna. Bai sake taɓa alli ba. Ko jarida ba ya karantawa sai ya rufe ƙofa, kuma in an yi sallama da baƙuwar murya sai ya tura ta ƙarƙashin katifa. Mutumin da ya koya wa rabin ma'aikatan garin nan Turanci, da aka kwantar da shi a asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi sana'arsa, sai ya waiga ya duba masu gadon kusa, ya ce gawayi.

Wasiyyarsa gare ni ɗaya ce: kada a sa rasuwarsa a rediyo. Hajja ta sa. Da cikakken muƙaminsa ta sa, da sunan makarantar. Ta ce ya yi ɓuyansa ya gama, ita ba za ta yi takabar mai gawayi ba.

Shi ya sa da na ga mai tabon a bakin tabarma, abin da ya zo mini shi ne: mun ɗaga shi, ga shi ya dawo. Na kalli hannuwansa. Na kalli zauren da mata suke ciki. Na ƙirga a raina ta ina mutane za su gudu, na ga motocin manya sun toshe layin.

Ya jira har jama'a suka ragu. Ya taso, ya durƙusa a gabana, ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya ce a rediyo ya ji.

"Ba za ka gane ni ba, Malam. Ɗalibinsa ne ni. Ban gama ba dai."

Na ce na gane shi.

"Na taɓa zuwa nan sau ɗaya. Na ji labarin Hedimasta ya shiga wani hali har yana sayar da gawayi. Raina ya ɓaci. Na ce bari in je in saya a wurinsa, ko ba komai. Tun daga Galtimari muka tako, ni da ɗan ƙanen babana. Shi lokacin bai daɗe da gudowa daga ƙauye ba, ya karye a hannu, an ɗaure masa a cikin riga. Ga shi da surutu. Yana buɗe baki ya ce ɗan boko, a tsakiyar titi, a wancan lokacin! Wallahi na tsorata. Ban san wa ke ji ba. Na faɗi abin da ya zo bakina don a bar maganar. Har yau in na tuna na ce bai san komai ba, sai in ji kunya. Kunyar ce ta hana ni komowa."

Na tambaye shi ko ya taɓa barin gari a shekarun nan.

"Ina zan je? Wanki da guga nake yi tun da na bar makaranta. Ni ma wandon na fara gani. Duk wadda ta yi karin nan ta san aiki."

Ya shafa addu'a, ya miƙe, ya sa takalmi. Har ya yi taku kaɗan ya juyo, kamar wanda ya tuna abin da bai kamata a binne mutum ba a faɗa ba.

"Gawayin dai jiƙaƙƙe ne, Allah ya jiƙansa. Bai kama ba."